Allon Tafiya da Allon Zama



Mako uku ke nan ana ja-in-ja a zauren maigidana, dattijon unguwarmu a nan Haj Abdalla, a kan wani abu da kaurinsa bai wuce na bangon littafi ba. Ni ke riƙe da alƙalami a zauren, aikina in rubuta abin da aka faɗa da abin da aka yanke, sa baki ba nawa ba ne. To amma maganar ta cika mini ciki, ga shi kuma kuɗin da ake muhawara a kansu na jama'a ne, har da ɗan abin da matan da mazajensu suka rasu suka ƙulla a bakin zane suka kawo. Saboda haka na nemi izinin dattijo in faɗi ra'ayina a nan, da yawuna ba da yawun zaure ba. Ya ce, "Malam, rubuta, amma kada ka ci fuskar yaran nan." Na ce in Allah Ya so.

Asalin zancen shi ne, bayan da Allah Ya mayar da mu gidajenmu, aka kafa asusu, 'ya'yanmu da ke ci-rani a Saudiyya da wasu ƙasashe suka ƙara, aka ce za a sayi wutar rana. Dattawa suka ce rijiya, a sa mata famfo. Samari kuwa suka zo da wata shawara dabam. Ɗayansu ya durƙusa gaban dattijo ya ce, "Baba, Allah Ya ja kwana, a duba wannan," ya miƙa wayarsa. Muka ga wani Bature da matarsa cikin mota mai ɗaki, irin wadda suke yawon shaƙatawa da ita a Turai da Amurka, ga gado, ga murhu, ga 'yar firji. A kan rufin motar kuma an shimfiɗa wani baƙin abu mai laushi kamar buzu, an manne shi da gam, wai shi ke ba su wuta. Samarin suka ce a yi wa tsohuwar hafilar nan da ke kai mana marasa lafiya Madani irin wannan: a cire kujerun baya, a sa gado, a shimfiɗa mata alluna masu lanƙwasa, ta samu fitila da fanka da wurin cajin waya. Ranar lafiya ta yi aikin asibiti. In kuma, Allah Ya kiyaye, wata rana ta sake ɓaci, ga gida mai ƙafa a shirye.

Wasu dattawan suka yi dariya. Ni ban yi ba, kuma zan faɗi dalili.

Amma bari in fara da sunan abin, don mai karatu ya san inda aka dosa. Maƙwabtanmu Larabawa suna ce masa lauhu, kuma daga wannan kalma ce kakanninmu suka samo allo, wanda muka rungume muna yara a gaban malam. Don haka ban ga abin da zai hana mu ce allon rana ba. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai na gilashi, mai ƙarfen alminiyam a gefe, wanda kowa ya sani a kan rufin masallatai da shaguna. Akwai kuma mai lanƙwasa, wanda aka cire masa gilashi da ƙarfe, aka rufe 'yan ƙwayoyin da ke kama hasken tsakanin ledoji masu ƙarfi. A mafi yawan waɗanda ake sayarwa ƙwayoyin iri ɗaya ne da na cikin allon gilashi, na silikon ne, sirara kamar ɓawon ƙwai. Rigar kawai aka canza musu. Wannan canjin riga shi ne dukan alherin abin, shi ne kuma dukan sharrinsa.

Dalilin da ya hana ni dariya shi ne na kwana a hanya. Yaƙi ya tashi a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023, muna jin labari daga nesa muna saukar da baƙi. Da Disamba ta wannan shekara ta zo, Madani ta faɗi, sai ga mu mun zama baƙin wasu. Waɗanda suka tsaya Sinnar da Sinja ba su daɗe da sauke kaya ba, ƙarshen Yunin 2024 ya sake tayar da su zuwa Gadarif da gaba. Duk wanda ya yi wannan tafiya ya san cewa mota mai ɗaki ba sai a Turai ba. Hafila da daffar da lori, har da karo mai jaki, duk sun zama ɗakunan kwana, an ɗaura zane daga jikin mota zuwa itace an ce rumfa. Bambancinmu da Baturen nan, shi nishaɗi ya fitar da shi, yana kuma da gidan da zai koma ranar da ya gaji.

A waccan tafiya na fahimci cewa guzuri ya canza. Kakanninmu da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, har suka sauka a bakin Nilu Shuɗi, da waɗanda suka biyo bayansu da niyyar Makka suka tsaya cirar auduga a Jazira, guzurinsu gumba ne da ƙuli da goran ruwa da allo a cikin gafaka. Mu kuwa mun tarar guzurinmu na cikin waya. Kuɗinmu na cikin Bankak, labarin wace hanya ce a buɗe na cikin waya, muryar ɗan da ke can nesa yana tambayar ko uwarsa na da rai na cikin waya. In batir ya mutu, mutum ya zama kurma, makaho, kuma matalauci a lokaci guda, ko da akwai dukiya da sunansa. Na ga dattijo mai furfura yana bin layi rabin yini a gaban wani shago don a ɗora masa wayarsa a caji. Lokacin da aka yanke layukan sadarwa a Fabrairun 2024, jama'a suka koma biyan kuɗin awa a wuraren Starlink, nan ma abin da ke riƙe da farantin shi ne allon rana da batir. Yaron da ya ga wannan da idonsa, in ya ce yana son wutar da za ta bi shi duk inda ya nufa, ba wauta yake yi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuma gaskiya allo mai lanƙwasa yana da abin yabo a kan mota. Mai wat 100 nauyinsa wajen kilo biyu ne, na gilashi mai ƙarfi ɗaya kuwa yakan kai kilo shida zuwa takwas. Yana bin kumburin rufin hafila ya kwanta, ba ya tsayawa iska ta yi kokawa da shi. Ba shi da gilashin da gargadar hanya za ta tarwatsa. Wani abin kuma da Baturen bai ambata ba amma mu muka san darajarsa: ba a hango shi daga ƙasa. Mun ga yadda allunan gilashi suka zama abin farko da ido ke faɗawa a kai a kwanakin wawaso, aka kwance su daga rufin gidaje da tashoshin ruwa. Abin da ya kwanta lamo a saman mota, mai tsaye a ƙasa sai ya hau kafin ya san da shi. Sannan ƙasarmu ta taimaka. Muna wajen daraja 14 ne arewa da tsakiyar duniya, rana na bi ta kusan tsakar kanmu mafi yawan shekara, don haka allon da ke kwance bai yi asara mai yawa ba, saɓanin mutanen Ingila ko Jamus da rana ke leƙo su ta gefe. A nan samari sun ci maki, na kuma rubuta musu shi a littafin zaure.

Sai dai ranar nan da ta ba mu, ita ce kuma ke karɓewa, kuma a nan nake son mai karatu ya ɗan zauna.

Allon rana haske yake so, zafi kuwa maƙiyinsa ne. Lambar da aka rubuta a bayansa, wat 100 ko 200, an auna ta ne ƙwayoyin suna kan daraja 25 a ma'aunin zafi. Duk daraja ɗaya da suka hau sama da haka, yana rasa kusan kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa. Allon gilashi ana ɗaga shi a kan ƙarfe, iska na ratsawa ta ƙarƙashinsa tana sanyaya shi. Mai lanƙwasa kuwa in aka yi yadda Baturen ya yi, aka manne shi da gam a jikin rufi, babu ta inda iska za ta shiga. Yanzu ɗan uwa ka tuna rufin hafila a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da inuwa kanta ke wuce daraja 40, ƙarfen da ko tafin hannu ba ka iya ɗorawa. Ƙwayoyin za su iya kai daraja 75. Ka cire 25, saura 50, ka ninka da 0.4, kashi ashirin cikin ɗari ya tafi. Wato mai wat 100 ya koma 80 tun kafin ƙura ta ci nata rabon.

Da asarar ta tsaya nan da sauƙi, domin rana a wurinmu ba ta ƙaranci. Babbar ɓarnar ita ce zafin yana tsofar da shi. Ledar sama takan yi rawaya ta dushe, musamman mai araha, sannan ta fara ɗagowa tana kumbura kamar fatar da wuta ta lasa, ruwan damina ya samu hanya. Ƙarfen mota yana buɗewa da rana ya tsuke da dare, ledar ma haka amma ba daidai da shi ba, ƙwayoyin da ke tsakani su ke shan wahalar wannan ja da saki har su tsattsage, tsagar da ido ba ya gani. Inda ya tsage nan ke ƙara ɗaukar zafi, wani lokaci har ya bar tabon ƙuna. Kada a ɗauka zancena ne kawai, a duba takardar lamunin masu ƙera su. Allon gilashi ana ba shi lamunin shekara 25 a kan ƙarfinsa. Mai lanƙwasa mafi yawa shekara ɗaya ne zuwa biyar. Mai kaya ya fi kowa sanin kayansa.

Sunan ma yana ruɗin mutane. An ce mai lanƙwasa, sai a ɗauka tabarma ce da za a naɗe a warware kullum. Irin na silikon da ya cika kasuwa yana jure a lanƙwasa shi kaɗan, sau ɗaya, ya zauna a haka. Na ga wani yaro a Gadarif ya naɗe nasa ya cusa a buhu don kada a gani, da ya warware bai ga ko ƙwarzane ba, amma daga ranar allon bai ƙara cika waya biyu ba. Haka in aka taka shi, ko aka ɗora masa buhun dawa, kuma duk mun san rufin mota a ƙasar nan wurin kaya ne. Wanda zai hana yaran mota ɗora kaya a saman hafila, sai ya fara hana kaza tono.

Ga kuma wani cikas da ya ba ni dariya da na gano shi, ko da yake ba abin dariya ba ne. Allo na son rana, mutum na son inuwa. In ka ajiye motar a rana don allo ya ci, mara lafiyar da ke kwance ciki yana gasuwa, 'yar fankar da allon ke juyawa ba ta rama zafin da tsayuwar ranar ta jawo ba. In ka kai ta gindin darbejiya, allon ya yi barci. Kuma ba sai inuwa ta rufe shi duka ba. Ƙwayoyin a jere suke kamar sahun salla, wutar na bi ta cikin kowace, in ganye ko igiya ko kashin tsuntsu ya rufe ɗaya, dukan sahun ya raunana. Baturen yana ƙasar da ake neman rana ido rufe, shi ya sa bai damu ba.

Saboda haka ra'ayina na farko: in za a sa wa hafila allo mai lanƙwasa, kada a manne shi. A yi masa shimfiɗa marar nauyi ta siraran katako ko gora, da tazara a tsakani yadda iska za ta ratsa, a ɗaure shi a kai ta 'yan ramukan da ke gefensa, sannan a ɗaure shimfiɗar a ƙarfen kayan rufi. A tsananta ɗaurin gaba, domin in iska ta samu shiga ƙarƙashin bakinsa a hanyar Madani, za ta yi ta kaɗa shi har ƙwayoyin su farfashe, ko ta fizge shi ta jefa wa na baya. In an sauka, a kwance shimfiɗar gaba ɗayanta ba tare da an lanƙwasa allon ba, a kai ta rana da dogon kebul mai kauri, motar ta zauna a inuwa. A riƙa share shi da sassafe da ruwa da tsumma mai laushi kafin ya yi zafi, musamman bayan habub, ba da busasshen tsumma ba, don ƙura kan karce leda fiye da gilashi.

Sai lissafi, wanda samarinmu suka tsallake. Allo mai wat 100 a ranar Jazira, bayan an cire na zafi da na ƙura da na hanya, ka sa ran wat-awa 400 zuwa 500 a yini. Wayar hannu tana cin wajen 15 zuwa 20 kafin ta cika. Fitila mai wat 5 in ta yi awa biyar ta ci 25. Fanka ƙarama mai wat 20 in ta kwana tana juyawa awa takwas ta ci 160. Ke nan allo ɗaya zai riƙe fitila biyu da fanka ɗaya da waya goma, ya ɗan rage. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya kwana a daji. Amma 'yar firjin da aka gani a hoton, a zafinmu ita kaɗai za ta iya lashe abin da allo ɗaya ya tara a yini. Farantin Starlink babba yana jan wat 50 zuwa 100 muddin yana kunne. Injin sanyaya ɗaki kuwa kada ma a kawo zancensa.

Kuma allo shi kaɗai ba ya aiki. Dole a samu batir na dabam, ba wanda ke tayar da mota ba. Wannan na koye shi da wuya: a hanyarmu ta fita, direbanmu, mutumin kirki, ya bar mutane suka yi ta caji daga batir ɗin motar dare guda saboda tausayi, da asuba ya murɗa makulli shiru, muka tura mota cikin yashi da mata da tsofaffi a ciki, a wurin da ba a son a daɗe. Batir ɗin mota an yi shi ne ya ba da ƙarfi mai yawa na ɗan lokaci, in ana tatse shi har ƙasa ba ya daɗewa. Ko na ajiya mai ruwan dalma, mai volt 12 da amfiya-awa 100, wanda a takarda yake ɗauke da wat-awa 1,200, rabi kawai ake ci in ana son ya yi rai. Tsakanin allo da batir dole a sa na'urar daidaita caji, wadda masu shago ke kira munazzim, in ba haka ba allon zai dafa batir. Kusa da kan batir kuma a sa fiyus. Abu ne na 'yan kuɗi kaɗan, amma kebul da ya goge a jikin ƙarfe cikin motar da ke ɗauke da katifa da galan ɗin fetur, ba sai na ƙarasa ba. In aka tara kuɗin waɗannan duka, za a ga allon da ake ta magana a kansa shi ne ƙaramin kashi.

Wata kalma a kan kasuwa, don ta shafi kowa, mai sayen na gilashi da mai sayen na leda. Tun da wutar gwamnati ta zama baƙuwa, musamman bayan da jirage marasa matuƙa suka kai hari tashar madatsar Marawi a Janairun 2025, ita da ke da ƙarfin megawat 1,250, kowa ya koma neman allo, kuma inda masu saye suka yi yawa nan algus ke shiga. Akwai awo mai sauƙi da ba ya buƙatar na'ura. Murabba'in mita ɗaya na allo mai kyau ba ya wuce wat 200 da 'yan kai. Allo mai wat 100 tsawonsa wajen mita ɗaya ne, faɗinsa rabin mita. In aka nuna maka wanda bai kai girman sallaya ba an rubuta masa wat 300, to tawada ce kawai. Ka tafi da igiyar awo, ka kuma nemi a gwada shi a rana a gabanka. Mu da muka karanta babin ciniki a Risala mun san hukuncin ɓoye aibin kaya, mun kuma san mai saye na da haƙƙin mayarwa in aibin ya bayyana. Amma ina za ka mayar da kaya ga wanda ya shimfiɗa su yau a bakin tasha, gobe ya yi gaba?

Yanzu ga inda na tsaya a kan kuɗin asusu, kuma a nan ne zan ɓata wa 'ya'yana rai.

Famfon rijiya mai ƙarfin doki biyu, wato wajen wat 1,500, yana buƙatar allunan da jimillarsu ta kai wat 2,000 ko sama. Da manyan allunan gilashi masu wat 550, huɗu ko biyar sun isa. Ba ya buƙatar batir ko ɗaya, domin tankin ruwa shi ne ma'ajiyarsa: rana ta fito ya ɗebo, rana ta faɗi a sha abin da ya tara. Batir shi ne abin da ya fi saurin mutuwa a duk harkar wutar rana, ga aikin da ba ya nemansa sam. Allunan kuma, in Allah Ya tsare su, yaron da aka haifa bana zai yi aure suna aiki. Kuɗin da za su yi wannan, in aka zuba su a hafila, za su ba mutum goma sha biyar fitila da fanka na 'yan shekaru, sannan a sake neman wasu. A gefe guda kuma ga matanmu da 'yan matanmu suna ɗibar ruwan tur'a, wanda ya daɗe yana sa wa yaran Jazira tsargiya, ga kwalara da aka shelanta ɓarkewarta a ƙasar nan a Agustan 2024, ba mu manta gawarwakin da ta bari ba. Hafilar da ake son a gyara don kai marasa lafiya, rabin waɗanda za ta ɗauka ruwa ne ya kwantar da su.

Na san amsar samari, domin sun faɗe ta a zaure, kuma ita ce magana mafi nauyi da aka yi a makonnin nan. Ɗayansu ya ce, "Baba, a gafarce ni, wa ya ba mu tabbacin ba za a sake zuwa a kwance su ba? Allo mai kilo ashirin da bakwai ba ya shiga hafila da mutane. Me ya sa za mu dasa abin da ba za mu iya gudu da shi ba?" Zaure ya yi tsit. Babu wanda ke da tabbaci, sai Allah. Sojoji sun koma Madani ranar 11 ga Janairun 2025, amma yaƙin bai ƙare a ƙasar ba, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Abin da zan ce wa ɗana shi ne, wannan tambayar an taɓa yin ta a bakin kogin nan. Waɗanda suka zo da niyyar wucewa Makka, da sun ce ba za su dasa abin da ba za su iya ɗauka ba, da babu Mai Wurno, da babu unguwannin Hausawa daga nan har Damazin. Sun haƙa rijiyoyi, sun gina masallatai, sun shiga aikin auduga bayan an gama madatsar Sinnar a 1925, sun binne iyayensu a nan. Duk da haka har gobe akwai masu kallonmu a matsayin baƙi masu wucewa, kuma 'yan uwanmu da ke zaune a kanabi sun fi kowa sanin abin da wannan kallo ke jawowa: shekara da shekaru a gefen gona, wayar lantarki na wucewa ta sama, babu fitila babu famfo, wai don ba mazauna ba ne. Ina jin tsoron ranar da mu da kanmu za mu fara tsara rayuwarmu kamar masu jiran tashi. Idan dukiyar jama'a ta farko bayan dawowa ta tafi ga abin gudu, mun faɗa wa 'ya'yanmu wani abu, mun kuma faɗa wa maƙwabta. Ni dai an haife ni a nan, mahaifina ma haka, kuma ba na son jikana ya taso yana ganin gidansu mota ce.

Tsoron sata kuwa yana da magani gwargwado. A ɗaga allunan a kan dogon ƙarfe, a yi wa kusoshin walda, a kafa su kusa da gidaje inda ido ke kai, a rubuta sunan unguwa da fenti a bayansu da gefensu yadda sayar da su zai yi wuya. Bai hana mai bindiga ba, na sani. Amma mai bindiga in ya zo, hafilar ce ma zai fara nema, domin motoci su aka fi kwashewa a Jazira, kowa shaida ne. Allon da aka manne da gam ya tafi tare da ita ke nan. Wanda aka ɗaure a shimfiɗa mai kilo uku ko huɗu, yarinya ma za ta iya kwance shi ta ɗora a karo, ko ta saɓa a ka.

Don haka abin da zan roƙi dattijo ya gabatar ranar Juma'a bayan la'asar shi ne: kuɗin asusu su tafi rijiya, da allunan gilashi da tanki. Abin da ya rage, in ya rage, a sayi allo mai lanƙwasa guda ɗaya mai wat 100, mai leda ta kirki, da munazzim da fiyus da ƙaramin batir, a ɗaura wa hafila yadda na bayyana. A damƙa kula da shi ga samarin da suka kawo shawarar, su riƙa rubuta abin da yake bayarwa wata-wata tun daga bazara har bayan damina, ni zan ba su littafi. In ya jure shekara guda a rufin nan bai kumbura ba, zan rubuta a wannan shafi cewa na raina shi, a ƙara na biyu. In kuwa abin bai rage ba, ni zan fara sa hannu a aljihu don a saya, domin ban manta layin cajin nan ba.

Ina kuma roƙon abu biyu kafin ranar. Duk wanda ke da na'urar awon wuta, ko ya taɓa ɗaura irin wannan allo a raksha ko karo ko rumfar shago, ya zo da shi mu gani da ido, ko da ya lalace, lalataccen ma ya fi koyarwa. Sannan a aika cikin gidaje a ji ta bakin mata, domin mako uku muna magana a kan ruwa a zaure, kuma babu ko mutum ɗaya a cikinmu da ya ɗauki jarka zuwa tur'a da safiyar yau.